TSOHON DOKI MAI CIWON KOFATO: MU FARA DA KOMI KAFIN ALLURA

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan dokin da ya tsufa a turke, da jakin da ya tsufa yana ɗaukar mangala, sa'ad da ƙafa ta fara ba su wahala. Abin da ya jawo maganar kuwa wani al'amari ne da muka tarar a zagayenmu, a wani ƙauye tsakanin Bichi da Ɗambatta.

Wani dattijo yana da ƙuru, watau ɗan ƙaramin doki, wanda ya kai shekara 18. Da shi ya ke zuwa kasuwa, da shi ya ke raka dagaci ran Sallah. Bara da kaka dokin ya fara ɗingishi. In ya tsaya sai ya miƙa ƙafafunsa na gaba, ya jingina nauyinsa baya. In aka ja shi ya juya sai ya ƙi. Ɗan dattijon yana aiki a bargar masu wasan folo a birnin Kano, sai ya roƙi likitan da ke duba dawakin can ya zo. Likita ya duba ya ce kumburin cikin kofato ne. Ya kuma ɗebi jini ya aika a auna, gama yana zaton akwai wata cuta ta tsufa a ƙarƙashi, wadda a ke kira cutar Kushin. Da sakamako ya dawo, lambar ta tsaya tsaka-tsaki. Likita ya ce sai a sake awo bayan 'yan watanni.

Nan gida ya rabu uku. Ɗan ya ce, "Baba, a bar ni in nemo ƙwayar nan ta Turai, ko da bashi ne." Wani maƙwabci ya ce a yi masa lalas. Ƙanen mai gida ya ce a kai shi kasuwa tun bai kwanta ba. Da muka isa, bayan gaisuwa, dattijon ya miƙo mana takardar ya ce, "Malam, ku da kuka yi karatu, yana da ciwon ko ba shi da shi?"

Muka ce, "Baba, takardar ba ta yanke magana ba. Amma a yi mana izini mu ga abin da ya ke ci."

Muka tarar ana ba shi dawa mudu biyu a rana, ban da dusa. Tun da ya fara ɗingishi ma aka ƙara masa, wai don ya sami ƙarfi. Yana tsaye a kan daɓe mai tauri, kofatansa sun yi tsawo kamar kufta ta zarce mai ita. Ba wanda ya yi sakaci a gidan nan. Gata ne ya yi yawa.

RA'AYINMU

Ga abin da mu ke so mu faɗa a fili. In tsohuwar dabba tana ciwon kofato, awon jini kuma bai yanke magana ba, ko ba mu da halin yin awon, kada mu zauna jiran sunan cuta. Kada kuma mu ruga wurin allura ko wuta ko dillali. Mu fara da abin da ke hannunmu: abincin da ke cikin komi, ƙasar da dabbar ke takawa, da tsawon kofatonta. Waɗannan uku tilas ne a gyara su ko da cutar Kushin ko babu. In an bar su yadda su ke, ƙwaya mai tsada ba za ta ceci ƙafar ba.

MENE NE CIWON NAN NA KOFATO?

Kofato kamar farce ya ke. A cikinsa akwai ƙashi, abin da ya haɗa ƙashin da kofato kuwa wasu siraran ganyayyaki ne na nama, wajen 600 a kowace ƙafa, sun sarƙe da juna kamar yatsun hannu biyu. A kansu duk nauyin doki ya ke rataye, ƙafafun gaba kuma su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin. In ganyayyakin nan suka yi rauni sai su saki. Ƙashin ya karkata, wani lokaci ya nutse har ya huda tafin kofato. Likitoci suna kiran wannan laminaitis. Wanda ya taɓa yin karkare a yatsa ya san irin zafin. Sai ya ƙaddara an ce ya tsaya a kan yatsan yini guda.

Alamunsa su ne: tsayuwar nan ta miƙa ƙafafun gaba, ɗaga wannan ƙafa a ajiye a ɗaga waccan, ƙin juyawa, yawan kwanciya, zafi a kofato, da bugun jijiya mai ƙarfi a bayan wuyan ƙafa, sama da kofato kaɗan. In ciwon ya daɗe za a ga zobba a jikin kofato, sun matsu a gaba sun buɗe wajen dunduniya.

Abu uku ke kawo shi. Na ɗaya, dafi a jini, kamar in dabba ta kwance ta faɗa wa hatsi a masussuka ta cika ciki, ko goɗiya ta haihu mabiyiya ta wuce awa uku ba ta faɗi ba. Na biyu, in ƙafa ɗaya ta yi rauni, ɗayar ta daɗe tana ɗaukar nauyin ita kaɗai. Na uku, wanda ya fi yawa, shi ne yawan insulin a jini, sinadarin nan da masu ciwon sukari suka sani. Hatsi da duk abu mai zaƙi su ke ta da shi. A 2007, a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, an ɗura wa ƙananan dawaki biyar masu lafiya insulin a jijiya, dukansu suka kamu da ciwon kofato cikin kwana uku. A 2011 kuma, a asibitin dabbobi na Jami'ar Helsinki, an duba dawakin da aka kawo da wannan ciwo, aka tarar kusan tara cikin goma matsalarsu daga sinadaran jini ta taso. Watau ciwon da mu ke gani a ƙafa, sau da yawa daga komi ya ke farawa.

CUTAR KUSHIN FA?

An sa mata sunan Harvey Cushing, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka, wanda ya bayyana irinta a jikin mutum a 1932. Ta doki ta ɗan bambanta da ta mutum, amma sunan ya bi ta. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar doki akwai wani ɗan ƙulli, bai kai goro girma ba, shi ke aika sinadarai cikin jini suna bi da ayyukan jiki. Akwai jijiyoyin da ke riƙe da linzaminsa. In doki ya tsufa jijiyoyin nan su kan lalace, linzami ya saki, ƙullin ya kumbura ya yi ta zuba sinadari fiye da kima. Cuta ce ta tsufa, ba a ɗaukarta daga wata dabba. Wani bincike da aka buga a 2013, a kan dawakin Ostareliya masu shekara 15 zuwa sama, ya sami ɗaya cikin biyar yana da ita. Jakuna ma su kan yi ta.

Alamar da ta fi tabbata ita ce gashi. Dawakinmu su kan ɗan ƙara gashi da hunturu, su zubar da bazara. Mai wannan cuta gashinsa ya kan yi tsawo, ya nannaɗe, ya ƙi zuba har zafi ya shigo. Sauran alamu: naman baya ya zaizaye, gadon baya ya lotsa, ciki ya sauko, yawan shan ruwa da fitsari, gumi ba dalili, kasala, ƙuraje da miki mai wuyar warkewa. Ba kowane mai cutar Kushin ke ciwon kofato ba. Waɗanda insulin ɗinsu ya yi yawa su ne ke cikin haɗari.

Mu lura da abu ɗaya. Rama, da saukowar ciki, da mummunan gashi, duk tsutsar ciki tana kawo su. Haƙoran da suka cinye suna kawo su. Sammore da cutar kaska suna kawo su, yunwa ma haka. Waɗannan kuwa sun fi yawa a wurinmu, gano su ya fi sauƙi, maganinsu ya fi araha. Kafin mu kira sunan cutar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mu buɗe bakin dabbar mu ga haƙoranta, mu kai kashinta asibitin dabbobi a duba.

ME YA SA TAKARDA BA TA YANKE MAGANA BA?

Abin da a ke aunawa a jini wani sinadari ne da a ke kira ACTH. In ya yi ƙasa sosai, babu cutar. In ya yi sama sosai, akwai ta. Amma akwai fili a tsakani, kamar gonar da ba a kafa iyakarta ba. Ga dalilai huɗu da ke jefa doki a wannan fili.

Na ɗaya, cutar a hankali ta ke shigowa, shekara da shekaru, saboda haka a farkonta lambar ba ta yin nisa. Na biyu, zafin ciwo mai tsanani da firgita da wata rashin lafiya suna iya ɗaga lambar a jikin dokin da ba shi da cutar. Na uku, sinadarin ba ya jure zafi. Tilas a sanyaya jinin a tace shi cikin 'yan awoyi, mun kuwa san halin hanyarmu da wutarmu. Na huɗu, lambar tana hawa da sauka bisa ga lokacin shekara. A Turai da Amurka ta kan hau daga wajen Agusta zuwa Oktoba, sa'ad da yini ya fara gajarta. Ma'aunin da likitoci ke aiki da shi da dawakin waɗannan ƙasashe da na Ostareliya aka tsara shi. A London bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta ya kusa awa tara. A Kano bai wuce awa ɗaya da rabi ba.

Saboda haka likitan da ya ce a sake awo bai yi kasala ba, ƙa'idar aikin ke nan. In lamba ta tsaya tsaka-tsaki a kan sake bayan wata uku zuwa shida, ko a yi wani awo na biyu wanda a ke yi wa doki allura ta musamman a ga yadda ƙullin zai amsa. Kullum kuma a kan haɗa lambar da abin da ido ya gani. A nan mai dabba ya fi kowa, gama shi ke ganinta safe da yamma.

ABIN DA ZA MU YI TUN YAU

1. A janye hatsi. Dawa, gero, masara, rake, ɓawon dankali, ragowar tuwo, duk a tsayar ran da aka ga alamar ciwon. Dusar da a ke samu daga surfe a gida ma akwai gari da yawa a cikinta, a janye ta. Ɗanyar ciyawar farkon damina kuma a rage ta ƙwarai.

2. Kada a bar dabba da yunwa. A ba ta busasshiyar ciyawa wadda ta ƙosa, kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a rana a kan kowane kilo 100 na nauyinta. Ƙuru mai kilo 250 zai ci kilo 4 zuwa 5. A raba masa sau uku ko huɗu. In da hali a jiƙa ciyawar rabin awa zuwa awa ɗaya, ruwan ya ɗebe zaƙinta, a zubar da ruwan a ramin taki. Kada ta kwana a ruwa, za ta yi tsami. Wanda ya yi ƙiba, wuyansa ya yi kauri ya taurare a gindin geza, ciyawa ta ishe shi da ɗan gishiri. Wanda ya rame a haɗa masa da harawar gyaɗa ko ta wake da ƙowa, gama nama ya ke bukata ya gina, ba kitse ba.

3. A gyara wurin tsayuwa. A zuba yashi mai laushi, zurfin taƙi guda, a inuwa, a riƙa kwashe kashi da jiƙaƙƙen wuri kullum. Yashi ya kan cika tafin kofato ya tallafe shi. Amma abinci a komi za a zuba, kada ya riƙa haɗiyar yashi.

4. A bar shi ya huta. Kada a hau, kada a ɗora kaya, kada a ja shi yawo wai don jini ya zaga. Ganyayyakin da suka yi rauni tafiya yage su ta ke yi. In ya so ya kwanta a bar shi. A kwanakin farko sanyi yana taimako: a tsoma ƙafafun a ruwan randa, in ana samun ƙanƙara ya fi.

5. A nemi gwani ya gyara kofato. Kaɗan kaɗan, kowane mako huɗu zuwa shida, a rage tsawon gaba, kada a fafe tafin. Kofato ba ya ƙara ko santimita ɗaya cikakkiya a yawancin watanni, kafin sabo ya sauko daga sama har ƙasa sai wata tara zuwa shekara guda. Mai gaggawa ba zai iya wannan jinya ba.

6. A guji allurar kasuwa. Akwai wata da a ke kira deksametason, ita da danginta. Masu tallar magani su kan yi wa kowace dabba mai ɗingishi. Tana ɗaga insulin, ga irin wannan doki kuwa ƙara wa wuta makamashi ke nan, tana kuma rikita awon jini. Maganin rage zafi na dawaki, fenilbutazon, yana da amfani, amma likita ne zai faɗi awonsa da kwanakinsa, gama in ya yi yawa yana cin ciki da ƙoda. In dabba ta daina ɗingishi don ta sha magani, ba warkewa ta yi ba, kada a hau ta.

7. A guji lalas. Ciwon yana cikin kofato inda ƙarfe ba ya kaiwa. Abin da wuta za ta bari shi ne miki, a jikin dabbar da mikinta ke wuyar warkewa. Doki kuwa yana saurin kamuwa da cutar sarƙewar haƙora ta hanyar miki.

8. A sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, a ba yaro ɗaya a gida. Kowane mako ya rubuta: ruwa nawa dabbar ta sha, kwana nawa ta yi ɗingishi, akwai zafi a kofato ko babu. Ƙuru mai kilo 250 wanda ba ya aiki ya kan sha kamar rabin jarka mai lita 25 a ranar da ba zafi, ya fi haka da bazara. In ya ninka ba dalili, a rubuta. Kowane wata a zagaya ƙirjinsa da wuyansa da igiya a ƙulla alama. A rubuta ranar da gashin hunturu ya fara zuba da ranar da ya gama. Mai waya ya ɗauki hotonsa daga gefe ɗaya kowane wata. Ran da likita ya dawo, littafin nan zai gaya masa abin da kwalbar jini ba ta gaya masa ba.

MASU CEWA BA HAKA BA

Wani zai ce, "Ai akwai magani, don me za ku hana?" Ba mu hana ba. Akwai ƙwaya mai suna fagolaid, ana sayar da ita da sunan Prascend, an ba da izinin ba dawaki ita a Amurka a 2011. Tana mayar da linzamin ƙullin nan, dawaki da yawa sun ji daɗinta. In gashi ya ƙi zuba, baya ya zaizaye, ciwon kofato kuma yana komowa ko da an gyara abinci, to, kada a yi jinkiri, likita yana iya fara ba da ita ko lamba tana tsaka-tsaki, ya ga yadda jiki zai karɓa. Amma mu san abin da mu ke ɗauka. Ba ta warkarwa, riƙe cutar ta ke yi. Kullum a ke sha har iyakar rai. Daga waje a ke kawo ta. A farko ta kan kashe wa wasu dawaki sha'awar abinci. Akan fara da miligiram 1 a rana ga doki mai kilo 500, namu kuwa ba su kai wannan nauyi ba, sai likita ya lissafa. Gidan da ya ci bashi ya sayi ta wata biyu, sa'an nan ta yanke, ga dawa mudu biyu tana nan a komi, ya yi hasarar kuɗi bai sami ƙafa ba.

Wani zai ce, "Mutane za su ce na kasa ciyar da dokina." Mun san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Doki mutuncin gida ne. Duniya ma ta shaida, gama a Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano cikin al'adun da 'yan adam suka gada. Amma dawar da ta dace da ingarma mai sukuwa ba ta dace da tsohon da ke yini a turke ba. Mun san dattawa da yawa da likita ya hana su sukari da lemon kwalba, ba wanda ya ce 'ya'yansu sun yi musu rowa.

Wani kuma zai ce, "Yara na bukatar abinci, ku kuna zancen tsohon doki." Gaskiya ne, yara su ne gaba. Amma a duba shawarar da muka kawo. Yashi na rafi ne, ciyawa ta gona ce, littafi ɗaya ne. Mudu biyu a rana kuwa mudu 60 ke nan a wata, wanda zai koma rumbu. Dabbar kuma tana nan tana ba da taki.

JAKI MA YANA CIKI

Tun a shekarun 1960 Michael Mortimore da abokan aikinsa suka rubuta yadda ƙasar da ke kewaye da Kano ta ke ciyar da jama'a masu yawa a gonaki ƙanana, ana noma su kowace shekara ba hutu. Asirin shi ne taki, mai kai shi gona kuwa jaki ne: ya shiga birni da itace ya fito da mangala cike. Yau babur da a-daidaita-sahu sun karɓe masa aiki da yawa, amma har yanzu akwai gonakin da shi kaɗai ke shiga da damina.

Jakin da ke aiki kullum ba ƙiba ke kawo masa ciwon kofato ba. Yawanci kofato ne ya yi tsawo ba a gyara ba, ko ya faɗa wa hatsi da kaka. Amma wanda aka ɗaure a gida ba aiki ana zuba masa dusa, shi ma ya shiga sahun dokin dattijo. Abu biyu za mu kiyaye. Jaki yana ɓoye ciwo, in ya yi shiru ya sunkuyar da kai ko yana yawan kwanciya, abin ya riga ya yi nisa. Sa'an nan jaki mai ƙiba in ya daina cin abinci, ko aka rage masa farat ɗaya, kitse ya kan kwararo cikin jininsa ya kashe shi cikin 'yan kwanaki. A hankali a ke rage masa, jakin da ya ƙi ci yini guda kuma a nemi likita.

Tsohon jaki a yanzu ba abin yarwa ba ne. Cinikin fatar jaki zuwa ƙasar Sin ya rage su ya kuma ta da kuɗinsu, har Nijar ta hana fitar da su a 2016, shugabannin Tarayyar Afirka kuma suka amince da hana yanka su domin fata a taronsu na Addis Ababa a Fabrairu 2024. Wanda ya sayar da tsohonsa da arha ya tafi Maigatari ran Alhamis neman sabo, zai ji a aljihunsa.

IN ABIN YA FI ƘARFI

Ba kowace ƙafa ke gyaruwa ba. In ƙashi ya huda tafin kofato, ko dabba ta kwanta ta kasa tashi, magani kuma ba ya rage mata zafi, a kira likita ya hutar da ita. Mu a ganinmu bai kamata dabbar da ta yi wa gida bauta shekara goma sha biyar a ɗora ta a babbar mota zuwa kudu tana tsaye a kan ƙafar da ba ta iya takawa ba. Akwai kuma haƙƙin mutane. Dawaki da jakunan da a ke kaiwa can da yawa yanka su a ke yi a ci. Fenilbutazon da fagolaid duka an hana ba da su ga dabbar da mutum zai ci namanta. Wanda ya ba dabbarsa su ya sayar wa dillali bai faɗa ba, ya cuci wanda bai sani ba.

Mai neman taimako ya fara da malamin dabbobi na ƙaramar hukumarsa. A kusa da mu akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta inda a ke koyar da lafiyar dabbobi, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, domin abin da ya yi tsanani. Ƙungiyoyin manoma kuma su yi tunani a kan wannan: ƙauye guda ya zaɓi saurayi ɗaya a koya masa gyaran kofato, a haɗa kuɗi a saya masa wuƙa da magagari. Zai sami sana'a, dabbobin ƙauyen su sami ƙafa.

Dattijon da muka ambata ya karɓi shawara, ko da ya ke janye dawar ya yi masa wuya. Jikarsa 'yar aji biyar ita ke riƙe da littafin. Da muka koma bayan wata huɗu, dokin yana takawa zuwa rijiya da kansa, igiyar wuya ta ragu da ƙulli biyu. Ba mu ce ya warke ba. Gashinsa ya yi jinkirin zuba bana, ɗan kuma yana tara kuɗin awo na biyu, mai yiwuwa ne ƙwayar nan ta zama tilas nan gaba. Da Sallah ta zo dattijon bai ɗaura masa sirdi ba, da ƙafa ya raka dagaci. Ya ce mana, "Malam, shekara goma sha biyar yana ɗauke da ni. Bana ni zan ɗauke masa."

'Yan'uwa, kowa ya leƙa turkensa yau da yamma. Ya taɓa kofato ya ji ko da zafi, ya duba komi ya ga abin da ke ciki. Wanda ya ga wani abu da bai gane ba ya gaya wa malamin gona na yankinsa, ko ya rubuto mana. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu. Sai fitowa ta gaba.